Shirun Ɗakin Mai Ƙofa

Tun kafin su gama sauke kaya daga mota tsohon ya ƙirga su ta taga: mutum uku, akwati bakwai. Wanda ya yi shekara ashirin da takwas yana tsaron ƙofar masaƙa ba ya barin kaya su shigo inda yake bai ƙirga ba. Masaƙar ta daɗe da mutuwa, ciyawa ta cinye harabarta, amma har yau ba a kiransa da wani suna a unguwa sai Mai Ƙofa.

'Yarsa ce ta kawo su. Malamar makaranta ce, ita ce ta fari, kuma sunan mahaifiyarsa gare ta, shi ya sa ba ya ce mata komai sai Uwata. Wata biyu ta yi tana lallashinsa. Masu fim ne, in ji ta, amma ba na wasan kwaikwayo ba. Irin masu bin tarihi ne, su zauna da waɗanda abu ya faru a kan idonsu su ji daga bakinsu. Suna haɗa fim ne a kan gobarar masaƙa, wadda ta ci mutum huɗu a bakin ƙaramar ƙofa shekara talatin da ɗaya da suka wuce. Sun zauna da matan mamatan, sun zauna da 'yan ƙungiyar ma'aikata. Shi kaɗai ya rage.

"Baba, in ba ka yi maganarka ba, wasu za su yi maka ita," ta ce.

Wannan ce ta kama shi. Ɗaya daga cikin mutum huɗun nan shi ne mahaifin mijinta. Surukin nasa yana ɗan shekara shida aka yi gobarar. Ya girma, ya zama makaniki, ya zo neman aure gidan Mai Ƙofa. Danginsa suka yi ta ƙananan maganganu, shi kuwa ya tsaya kai da fata cewa tsohon ba shi da laifi, manaja ne ya karɓe makulli. Shekara goma sha biyu ke nan da auren. In an gama fim ɗin a zauren ƙungiya za a haska shi, kuma Makaniki zai zauna a layin gaba.

Mai Ƙofa ba baƙon irin waɗannan finafinai ba ne. Tun da ƙafa ta ƙi, ba abin da yake kallo a talabijin sai su: masu haƙar ma'adinai a wata ƙasa mai sanyi, masuntan da teku ta cinye wa gari, gadar da ta rufta da jirgin ƙasa. Ya daɗe da lura da abu ɗaya. A kowannensu akwai wani tsoho da za a nuna ya yi shiru, idonsa a ƙasa, wani kiɗa mai sanyi yana tasowa, mai kallo kuwa ya gama yanke masa hukunci tun bai buɗe baki ba.

Shugabar masu fim ɗin mace ce, Darakta suke ce mata, ba ta kai 'yarsa shekaru ba. Ta gaishe shi da ladabi har ya fara zargin ladabin ya yi yawa. Wata jakar fata ce rataye a kafaɗarta, ta zauna da ita a cinya, ba ta ajiye ba. Mai kyamara dogo ne, sai da ya sunkuya ya shigo, kuma Dogo ɗin suke kiransa. Na ukun ya toshe kunnuwansa da wasu manyan marufai masu waya, yana riƙe da sanda mai gashi a kai. Tsohon ya raɗa masa Mai Kunne nan take.

Kafin a ce me sun birkita ɗakin. Suka jawo kujerarsa daga jikin bango zuwa tsakiya, suka saki labule, suka kunna fitilarsu alhali rana tana tsaka. Mai Kunne ya kashe fanka, ya zare wayar firji, sannan ya taka kujera ya sauke agogon bango ya kai tsakar gida.

"Shi kuma me ya yi muku?"

"Ƙararsa tana shiga maganarka, Baba."

"Shekara ashirin muna zaune da shi, bai taɓa sa baki a maganar kowa ba."

Suka yi dariya. Shi bai yi ba.

Darakta ta zauna dab da kyamara ta ce, "Baba, ni muryata ba za ta fito a fim ba, taka kaɗai za a ji. Saboda haka in na yi tambaya, ka ɗauko tambayar ka sa a farkon amsarka."

Wato mai tambaya za ta ɓace, a bar shi shi kaɗai kamar wanda ya tashi haka kawai yana tona kansa. Ya riƙe wannan a ransa.

Awa biyu suna yi. Ya ba ta tsarin aikin tiryan-tiryan. Ƙarfe bakwai, in masu aikin safe sun gama shiga, yakan kulle ƙaramar ƙofa, ba ya buɗewa sai sha biyu. A ranar ana raɗe-raɗin yajin aiki, sai manaja ya sauko da kansa da ƙarfe tara ya karɓe makullin, don kada wani ya sulale zuwa taro. Wajen sha ɗaya rumbun auduga ya kama. Babbar ƙofa tana can bayan wutar, mutane suka yo kan ƙarama, suka tarar da kwaɗo.

"To wa ya kulle ƙaramar ƙofa, Baba?"

"Yanzu na gama faɗa miki."

"A taƙaice nake so. Ka fara da tambayar."

"Ni na kulle ƙaramar ƙofa," ya ce, "da ƙarfe bakwai, kamar kullum, amma..."

Bai kai ga ƙarasa amman ba ya ga Dogo ya ɗago ido ya dubi Darakta, ita kuma ta yi wata 'yar alama da biro a gefen takardarta. Ya ƙarasa maganarsa, amma daga nan bakinsa ne kawai ke aiki, idonsa yana kan biron.

Da ta ce an gama, har ya kai hannu zai cire 'yar na'urar da aka maƙala masa a wuyan riga, sai Mai Kunne ya ɗaga yatsa.

"Saura abu ɗaya, Baba. Kowa ya zauna yadda yake, kada a motsa, kada a yi magana. Minti ɗaya. Zan ɗauki shirun ɗakin."

"Za ka ɗauki me?"

"Shiru."

"Ka kwaso akwati bakwai ka zo gidana ɗaukar shiru? Babu shi a gidanku?"

"Kowane ɗaki da irin nasa, Baba," in ji Mai Kunne. Mutum ne mai son aikinsa, irin wanda in an tambaye shi ba ya iya riƙe baki. "Ka ga, awa biyu muka ɗauka, a fim kuwa ba za ka wuce minti shida ba. Dole a yanka a haɗa. To duk inda aka haɗa sai a bar ɗan rami, kuma kunne yana jinsa. Sai mu ɗebi shirun nan mu cike, yadda mai kallo ba zai san an taɓa wurin ba."

Darakta ta harare shi, amma magana ta riga ta fita.

"Wato faci," in ji tsohon.

"Kamar haka."

"Faci da zare kalar rigar, don kada a gane an yaga."

Mai Kunne ya danna abinsa ya ce a fara. Mai Ƙofa ya zaro carbinsa daga aljihu ya shiga ja, ƙwaya tana dukan ƙwaya, ƙas, ƙas. Aka ce a sake. Ya yi gyaran murya mai tsawo. Aka sake, ya ja ƙafar kujera a siminti.

"Baba, don Allah," in ji 'yarsa daga bakin ƙofa. "Mutanen nan baƙinka ne."

"Baƙin nawa ne suka cire min agogo. Uwata, magana na yi miki alkawari, na kuwa yi. Ban yi wa kowa alkawarin shiru ba. Na ce ni na kulle ƙofa, na ce amma. Su yanke amman, su liƙa shiruna a gurbinsa, su sa min kiɗan nan nasu. Mijinki yana zaune a gaba yana kallo. Ke kin ga na yi kama da wanda aka haifa jiya?"

Darakta ta ajiye biro. "Baba, ba zan ɓoye maka ba. Ko ba ka ba mu ba, zan iya tsintar shirun a tsakanin kalmominka. Abin da zan iya ba ka shi ne alkawari cewa ba zan juya maka magana ba."

"Alkawari. Manaja ma ya yi min alkawarin zai faɗi gaskiya a gaban kwamitin bincike, sai da aka matse shi ya faɗi rabi." Ya nuna bango da carbin, inda ƙusa ta tsaya ita kaɗai. "A masaƙa ba a yarda da bakin mutum, da agogo ake yarda. Ku dawo min da shi. Ku rataye shi nan bayan kaina, inda zai fito a hoto, da jan hannun nan nasa mai gudu. In sake faɗa daga farko. In kun yanka ko kalma ɗaya, hannun zai yi tsalle, kowa a zauren ya gani."

Dogo ya fashe da dariya, ya ce shekararsa goma sha biyar a aikin nan, ya ɗauki ministoci da lauyoyi, ba wanda ya taɓa ɗaure su haka. Mai Kunne ya ɓata rai, ya ce ƙarar za ta lalata masa komai. Darakta kuwa ta daɗe tana duban tsohon, hannunta a kan jakar.

"Na yarda," ta ce. "Amma sharaɗin ya hau kanmu mu biyu. Daga inda na fara tambaya har inda ka gama, ba zan cire ko numfashi ba. Muryata ma za ta fito, kowa ya ji abin da na tambaya."

"Haka nake so."

Ya amsa da sauri, yana jin daɗin wanda ya kama ɓarawo da kaya a hannu. A nan ya yi sakaci, shi da bai taɓa barin jaka ta wuce shi a ƙofa ba a buɗe ta ba.

Aka rataye agogo. Aka kunna. Ya sake kawo labarin, wannan karon a tsanake, kowane ƙarfe a wurinsa: bakwai ya kulle, tara manaja ya karɓa, sha ɗaya wuta. Ya faɗi ammansa da ƙarfi har Mai Kunne ya ɗan janye marufin kunnensa. Ya jingina da kujera.

Sai ta zuge jakar. Wani littafi ta fito da shi mai baƙin bango, ruwa ya taɓa gefensa, gara ta ci ƙasansa. Tun kafin ta buɗe ya gane shi. Littafin makullai ne na ɗakin gadi. Aji huɗu kawai ya yi a makaranta, amma duk masaƙar ba wanda ya kai shi tsabtar lamba, kuma ba makullin da ya taɓa fita ko ya dawo bai rubuta ba.

"A cikin wata durowa muka same shi, a tsohon ɗakinka," ta ce. "Rubutunka ne?"

"Nawa ne."

"Ga ranar. Manaja ya sa hannu, tara da minti biyar, makulli ɗaya. A shafin farko kuma ka rubuta: ƙaramar ƙofa, makulli biyu." Ta ɗago. "Baba, na biyun fa?"

Agogo yana tafiya a bayan kansa. Bai juya ba, amma yana ƙirgawa, don jikinsa ya saba. Goma. Yana iya cewa ya ɓata tun kafin ranar, sai dai da ya ɓata da ya rubuta, kuma ta san haka. Ashirin. Yana iya cewa a kashe kyamara, amma shi ya kafa dokar da bakinsa. Talatin. Ya lura idonsa yana ƙasa, a kan simintin tsakanin ƙafafunsa, kuma ba wanda ya liƙa masa wannan. Ta gefen ido yana ganin zanen 'yarsa a bakin ƙofa, ba ya motsi. Sai da hannun ya kusa zagayowa ya buɗe baki.

"Yana wuyana," ya ce. "A igiya, cikin riga."

Ya ci gaba, muryarsa a bushe kamar mai ba da rahoton safe.

"Da manaja zai tafi ya ce duk wanda ya buɗe ƙofar nan kafin sha biyu, shi da aikinsa sun rabu. Bai san da na biyun ba, bai taɓa duba littafi ba. Da hayaƙi ya tashi suka fara dukan ƙofa daga ciki, na ji su, ina gane muryoyinsu. Na ruga. Ba ƙofar na ruga ba. Ɗakin gadi na ruga, wurin tarho, in nemi izini. Shekara tara a lokacin ban taɓa buɗe ƙofa ba izini ba. Sau uku na buga ofis, ba a ɗauka ba. Minti huɗu. Ina fitowa na tarar masu shaguna sun kawo ƙarfe sun ɓalle kwaɗon. Huɗun suna ƙasa, an tattake su a jikin ƙofa."

"Makullin fa?"

"Na jefa shi a kwata da yamma. A kwamiti an tambaye ni wa ya karɓi makulli, na faɗa. Ba a tambaye ni guda nawa ba ne, ni kuma ban faɗa ba."

Darakta ta ɗaga wa Dogo hannu, ya kashe. Ɗakin ya yi zafi, gumi ya jiƙa wa tsohon wuyan riga.

"Baba," ta ce a hankali, "wannan na ƙarshen, in ka ce in cire, zan cire shi gaba ɗaya. Littafin kawai zan nuna."

Ya dube ta. Ko a nan bai daina auna ta ba. A nuna shafin da rubutunsa, makulli biyu, a bar mutane su cike sauran da kansu, shi kuma yana gefe yana ta nanata ammansa.

"A'a, 'yar nan. Yadda muka yi da ke. Ba ki cire, ba ki ƙara. Kiɗan nan ne dai ban yarda ki sa min ba."

"Ba zan sa ba."

"Yaushe za a haska?"

"Nan da wata uku."

"Wa ya ga littafin nan?"

"Mu ukun nan kaɗai."

Ya cire na'urar daga wuyan rigarsa da kansa ya miƙa wa Mai Kunne. Sannan ya juya wajen ƙofa. 'Yarsa tana tsaye inda take, ta naɗe hannuwa a ƙirji, ba hawaye a idonta, kuma da akwai da ya fi masa sauƙi.

"Shekara goma sha biyu yana faɗa da 'yan uwansa a kanka, Baba."

"Na sani."

"Ka bar shi yana yi."

"Na bar shi. Miƙo min hulata da sanda."

"Ni zan gaya masa. Na fi sanin yadda zan bi da shi."

"Ba ke kika riƙe makulli ba, Uwata."

Da ya miƙe, Dogo ya kai hannu ga kyamara, don hannun mai aiki ba ya jiran a ce masa. Tsohon ya nuna shi da sanda.

"Wannan ba na fim ba ne. Ku kwashe akwatunanku, bakwai ne, ku mayar min da kujera inda kuka same ta."

Garejin bai fi layi uku da gidan ba, amma da ƙafar nan sai da suka tsaya sau biyu. 'Yar tana biye da shi taku ɗaya a baya, ba ta kama masa hannu ba, shi ma bai nema ba. Suka tarar da Makaniki a ƙarƙashin wata farar mota, ƙafafunsa kaɗai a waje. Da ya ji muryar matarsa ya turo kansa, ya ga wanda ke tare da ita, ya miƙe da sauri yana goge hannu da tsumma.

"Baba, da kanka? Ai da ka aiko. Ya aka ƙare da masu fim, sun mai da kai tauraro?"

Ya fara sunkuyawa zai gaishe shi, tsohon ya tare shi da sanda.

"Tsaya tukuna. Ka fara jin abin da na zo da shi."

A kan wani benci mai maiƙo ya zauna, a bayan garejin, kusa da tarin tsofaffin tayoyi. Ya faɗa masa kamar yadda ya faɗa a ɗaki, bai rage ba, bai kuma kawo uzuri ba. Makaniki yana tsaye, tsumman yana hannunsa, yana ta goge yatsa ɗaya.

"Minti nawa?" ya tambaya.

"Huɗu."

"Daga ɗakin gadi zuwa ƙofar fa?"

"Taku goma sha biyu."

Makaniki ya juya ya dubi motar da yake gyarawa, ya daɗe yana dubanta. Wata babbar mota ta wuce a titi, ƙura ta tashi ta kwanta. Matarsa ta kira sunansa a hankali, bai waiwaya ba.

"Mahaifiyata tana raye," ya ce a ƙarshe. "Ita ta wanke masa kayan da ya mutu a ciki. Ba za ta ji wannan a zaure cikin mutane ba. Gobe da safe zan zo da mota, ka je ka faɗa mata da bakinka."

"Zan shirya."

"Ke kuma ki raka shi gida, ƙafar nan ba za ta kai shi shi kaɗai ba."

Ya jefar da tsumman, ya kwanta, ya koma ƙarƙashin motar. Mai Ƙofa ya dafa sanda ya miƙe. Sai da suka kai kwanar layi na biyu, inda ya tsaya ya huta, ya lura cewa tun da ya fara ba da labarin surukin nasa bai ƙara ce masa Baba ba.